Hayaƙin da Na Yi wa Bindigar Abu Nasir

Jikata Zainab ce ke rubutawa, ni nake faɗa, domin ni ban san baƙi ba, ko na boko ko na allo, sai abin da na haddace na salla. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki, in kuma ta ga na yi shiru ina share hawaye ta jira ni. Wannan babin na shekarar da na zo Doha ne, shekarar da Malam, kakanku, ya rasu. Ku jikokina kun mayar da abin da ya faru a shekarar nan abin dariya. Duk ranar salla in an taru a falo an ci an sha, sai wani ya ce a tuna ranar da Kaka ta gasa bindiga, ku kwashe da dariya har da ƙannenku da ba su yi wayo ba a lokacin. Ni ma nakan yi murmushi don kada in ɓata muku taro. Amma ba ku taɓa lura cewa babanku ba ya dariyar ba? Yakan miƙe ya ce zai duba mota. Yau zan gaya muku dalili. Ba ƙotar bindiga kaɗai ta lalace a makon nan ba, har da mutuncin babanku a idon mutumin da yake girmamawa fiye da kowa a ƙasar nan, kuma ta hannuna abin ya bi.

Kakanku, Allah ya jiƙansa, maharbi ne a ƙauyenmu na ƙasar Ningi. Gado ya yi, ubansa ma maharbi ne. Tun ranar da aka kai ni gidansa, kafin a nuna mini inda randa take, uwarsa ta kama hannuna ta kai ni ƙofar ɗakinsa ta nuna mini adakarsa, bindigar farautarsa, a rataye. Ta ce wannan ba a tsallake ta. Ko a ƙasa kika gan ta, ko ƙotar ce kaɗai ya cire yana gyara, ki zagaya. Mace in ta tsallake bindiga ta karya ta, ko ta ƙi tashi a gaban dabba, ko ta tashi a kan mai ita. Ban ɗauki maganar da wasa ba, domin na ga hannun Ɗanladi abokin Malam, wanda tasa ta fashe masa ta tafi da yatsunsa, kuma duk garin an ce matarsa ce ta tsallake ta tana shara. In aka yi kuskure aka tsallake, akwai magani. Malam yakan buɗe burgaminsa, jakar fatarsa ta farauta, ya ɗebo sassaƙe da wata saiwa da ƙayar beguwa, ya zuba a garwashi, ya ɗora bindigar a kan duwatsu bisa hayaƙin, ya lulluɓe da fata har sai ta sha sosai. Na gani da idona ba sau ɗaya ba. Malamai sun ce wannan camfi ne, na ji, kuma na yi istigfari. Amma abin da mutum ya rayu da shi tun yana amarya ba ya fita daga jikinsa don ya hau jirgi.

Babanku shi ne ɗana na fari. Ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yi masa magana ido da ido. Da aka yaye shi baffansa ya tafi da shi Bauchi, can ya yi karatu, can ya zama mutum. In ya zo hutu ya durƙusa ya gaishe ni, sai in amsa ina kallon tukunya. In ina son ya ƙara tuwo sai in ce wa ƙanwarsa, ki duba ko baƙon nan ya ƙoshi. Ba ƙiyayya ba ce. Allah ya sani in ya juya zai tafi nakan leƙa ta katanga har sai ya ɓace. Haka aka yi mini tarbiyya, haka na yi, kuma har yanzu da nake wannan maganar Zainab ba za ta ji sunansa a bakina ba.

Da na fita takaba ya aiko a ɗauko ni. Na iso gidansu a Mu'aither da akwati guda da burgamin Malam a naɗe cikin zane, domin shi kaɗai na roƙa a bar mini cikin kayansa. Mamarku Rabi ta karɓe ni hannu biyu. Ita ce ta zama bakina a gidan. In ƙafata na ciwo, Rabi nake gaya wa ta gaya wa mijinta. In ya sayo mini magani, ita yake ba ta kawo mini. Yana zaune a kujera, ina zaune a darduma, tsakaninmu bai fi taku kaɗan ba, amma sai maganar ta zagaya ta kicin. Rabi takan yi dariya ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce a asibiti, a gida kuma ta zama tafinta tsakanin Bahaushe da Bahaushiya.

A bakinta na fara jin sunan Abu Nasir. Dattijo ne ɗan ƙasar, ya yi aiki a kamfanin da babanku yake kafin ya yi ritaya. Shi ya riƙe babanku tun yana sabon zuwa bai san kowa ba, kuma shi ya yi ta zirga-zirga har takardar zuwana ta fito. Yana da gona a Umm Salal, inda yake tara abokansa duk Juma'a da yamma, babanku kuwa yana da wurin zamansa a majalisar, kusa da shi. Rabi ta ce ba kowane baƙo ke samun wannan ba. Ni ban taɓa ganin mutumin ba, amma kullum ina sa shi a addu'a.

Wata ranar Talata da yamma babanku ya shigo da wani dogon abu a naɗe cikin bargo. Da ya warware, ko daga nesa na san siffar. Ƙotar bindiga ce, ba bututu, ba kunama, ita kaɗai, launin ƙasa mai ɗigo-ɗigo. Ya ce wa Rabi, da ƙarfi yadda zan ji, ta Abu Nasir ce. Sabuwa ce ya yi odarta daga waje don farautar da za su tafi wata ƙasa, amma ta zo ba wurin maƙala maratayi, ga shi dattijo ba zai iya yini da bindiga a hannu ba. Tunda aikin babanku ke nan a kamfani, bututun faiba, shi ya ce a kawo masa ya sa mata ƙusoshin ratayawa da hannunsa.

Ya shimfiɗa kwali a tsakar falo ya zauna a ƙasa. Ni ina daga bakin ƙofar ɗakina da carbi, kamar ba na kallo. Zainab ta tsuguna kusa da shi tana tambaya, yana ba ta amsa. Ya ce wannan ba itace ba ne, faiba ne, wato zaren gilashi da aka haɗa da gam, bayanta da tauri amma ba kauri, kamar ƙwarya, cikinta kuma wani soso ne. In ka murɗa sukuru kai tsaye kamar yadda ake yi wa itace, zai zauna yau, gobe in an rataya nauyi ya tumɓuke. Ya manna salatif a wurin da zai huda don kada bakin ramin ya ɓantare, ya auna, ya sa alama a tsakiya, ya sake aunawa. Ya fara da siririn ƙarfen huji, sannan ya sa mai kauri. Ya sa wata lanƙwasasshiyar waya ya ƙwaƙule soson ciki har ya yi ɗaki. Ya matso gam daga kwalba biyu ya cakuɗa, ya cika ramin, ya nutsa noti a ciki da ƙusar mai ido a bakinta. Ya yi ƙusar gindi, ya yi ta gaba, ta gaban ma sai da ya nutsar da notin sosai don kada ya taɓa bututu in an mayar. Kansa a sunkuye, harshensa a gefen baki. Haka Malam yake yi in yana ɗinke maratayin adakarsa, harshe a gefen baki. Yaron da bai zauna da ubansa ba, ban san inda ya samo wannan ba. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Zainab, dakata kaɗan. To, ci gaba.

Da ya gama ya tokare ta da matasai biyu a nan ƙasa, ƙusoshin suna kallon sama. Ya ce kada kowa ya motsa ta sai gam ɗin ya kama, kuma a cikin sanyin falo zai bar ta, domin zafin waje zai ɓata aikin. Na ji wannan maganar da kunnena. Ban ɗauka ta shafi hayaƙi ba.

Washegari da safe babanku ya fita aiki. Zainab ta makara, motar makaranta tana ta oda a waje. Ta fito da gudu, jaka a kafaɗa, burodi a baki, ta ɗaga ƙafa ta tsallake ƙotar nan.

"Ke! Ke 'yar nan, dawo ki zagaya!"

"Kaka, yalla, na makara! In na dawo na zagaya sau goma."

"Uwar gaggawa. Da ƙafafu kamar na zalɓe."

"Naki na gado, ƙawata!"

Ta buga ƙofa ta tafi. Rabi ta dawo daga aikin kwana ke nan, idonta jawur, tana cire takalmi. Na ce mata ta kira mijinta ta gaya masa yarinya ta tsallake bindigar mutane.

"Inna, roba ce fa. Ko bututu babu."

"Ƙota ma bindiga ce. Ki gaya masa."

"To Inna, in na tashi zan gaya masa. Ki sha shayinki kada ya huce."

Na san ba za ta faɗa ba, kuma ban ga laifinta ba. Wayar da babanku ya saya mini tana nan a ɗaki, an nuna mini inda zan danna hotonsa ya ɗauka. Na ɗauke ta, na kalli hoton, na ajiye. Ban iya ba. Na zauna ina kallon ƙotar, ina ganin hannun Ɗanladi. Na ce a raina, mutumin da ya yi ɗawainiya aka kawo ni wurin ɗana, a ce daga gidan ɗana za a kai masa abin da zai tashi a fuskarsa? Ga magani a ɗakina, na san yadda ake yi, kafin kowa ya tashi na gama. Alheri na yi niyya, Allah shaida ne.

Na ɗauko kaskon da Rabi ke turaren wuta, na hura gawayi a kan murhun gas har ya yi ja, na cika shi fam. Na kai ɗakina, na kwance burgamin. Warin Malam ya buge ni, sai da na dafa bango. Na zuba sassaƙen da saiwar da ƙayar beguwa. Na jera gwangwanin madara biyu, na ɗora ƙotar a kai bisa kaskon, na lulluɓe da bargon da aka kawo ta a ciki. Itacen Malam yakan daɗe a haka ba abin da ke samunsa sai ɗan baƙi da ake gogewa. Sai na tafi na yi alwala na tayar da sallar walha.

Ina cikin raka'a ta biyu na ji wari, ba na sassaƙe ba, irin na taya in yara sun ƙona. Sai wani abu a rufin gidan ya fasa ihu, ƙara mai huda kunne da ban taɓa jin irinta ba. Na sallame a gigice. Rabi ta fito ba ɗankwali tana salati, ta yaye bargon, ta fizge ƙotar da tawul ta yi bayi da ita. Maƙwabtanmu sun fito, mai gadin rukunin gidajen ya zo da jan tulun kashe wuta, suna ta yare suna leƙen ɗakina, ga tsohuwa a tsaye da hijabi, ga ƙayar beguwa a warwatse a kan tayil. Da hayaƙin ya lafa Rabi ta fito da ita. Fentin ya kumbura ya yi ƙuraje. Cikinta ya lotsa a wurin da ya fi kusa da wuta. Gam ɗin ya narke ya zubo, ƙusar gindi ta karkace ta kwanta gefe.

Rabi ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Inna, ba ki ƙone ba dai?" Ta buɗe tagogi.

Da babanku ya dawo ina ɗaki, na kasa fitowa. Sannan na ji ya ce wa Rabi, a gaya wa Inna babu komai. Ya aiko mini da tuffa. Ban ci abincin dare ba, ban ci na safe ba. Ranar Alhamis Rabi ta shigo da kwano ta zauna a bakin gadona, na ga bakinta da magana. Na ce ta faɗa.

"Gobe zai kai masa bayan Juma'a. Wai zai ce shi ne ya sa injin zafi don gam ya bushe da wuri, hannunsa ya zarce."

"Ƙarya zai yi?"

"Ya ce ba zai kai sunan uwarsa majalisar maza a yi ta juya shi ba. Ni kuma abin da ke damuna, Inna, aikinsa ke nan fa. Da shi aka san shi. Rabin mutanen majalisar nan 'yan kamfaninsu ne. A ce injiniyan faiba ya ƙona faiba kamar ɗan koyo?"

Ta fita ta bar ni. Na juya maganar har gari ya waye. Yaron da ban goya ba bayan yaye, ban yi masa wanki ba, ban taɓa zama a kansa yana zazzaɓi ba, yau shi zai ɗauki kayana ya aza a kansa, ya ɓata sunansa da bakinsa, ya haɗa da ƙarya. Malam bai taɓa cewa ya harbi abin da bai harba ba, ko da kuwa gidan zai kwana ba miya. Na ce wannan ba zai faru ina da rai ba.

Ranar Juma'a da babanku ya dawo daga masallaci ya ci abinci ya fito da ƙotar a naɗe, sai ya same ni a kujerar baya ta motarsa. Rabi ce ta buɗe mini. Ya tsaya yana neman matarsa da ido don ta fassara masa abin da ke faruwa, ita kuwa ta shige gida ta rufe ƙofa. Na kalli bayan kujerar direba na ce, "Da ni za a je." Muryata ta fito kamar ba tawa ba. Ya daɗe a tsaye a cikin ranar nan. Sannan ya shiga ya tayar da mota.

Muka bar gari. Gonar tana bayan wata doguwar katanga, da itatuwan dabino da garken awaki, warin wurin kamar na gida. Abu Nasir yana zaune a rumfa shi kaɗai, baƙinsa ba su fara zuwa ba. Gajere ne, farin gemu, yana ɗingisa ƙafa ɗaya. Da ya gan ni ya miƙe da sandarsa, ya dafa ƙirji, yana ta Hajja, Hajja, ya sa aka kawo mini kujera da gahawa. Babanku ya warware bargon a gabansa. Murmushin dattijon ya ɗauke, ya shafa wurin da ya lotsa da babban yatsa.

Na ce, ina kallon ƙasa, "A gaya masa." Sai na fara. Na faɗi ko wane ne Malam, na faɗi maganar tsallakewa, na faɗi Ɗanladi, na faɗi kaskon da bargon. Na ce ɗana ya yi aikinsa daidai, ya kuma yi gargaɗi, ni ce na ɓata, don tsoron kada wani abu ya sami mai bindigar. Na ce ya yafe mini. Na daɗe ina magana, hawaye na zuba a hijabina. Da na yi shiru babanku ya juya ya yi Larabci, gajere, bai kai tsawon Fatiha ba. Abu Nasir ya dube ni da tausayi, ya dubi babanku ya girgiza kai yana 'yar dariya, ya buga kafaɗarsa, ya ce khalas, khalas. Ya sa aka zuba mana dabino a kwali.

Muka fito muka hau hanya. Ni ba na jin Larabci, amma wata shida a gidan Rabi sun koya mini kalma biyu. Na san ummi uwa ce. Na san bakhur shi ne turaren wuta, kullum shi take aiken mijinta ya sayo a kasuwa. Na ji ummi sau ɗaya. Ban ji bakhur ba. Kuma na san mutum ba ya buga kafaɗar wanda bai yi laifi ba yana girgiza kai. Na ɗaga ido na kalli madubin gaba, karo na farko, na ga idanunsa.

"Me ka ce masa?"

"Abin da kika ce, Inna."

"Na yi magana mai tsawon huɗuba, ka yi mai tsawon atishawa. Me ka ce masa?"

Ya ce, "Na ce mahaifiyata ta zo yi maka godiya, tana kuka ne don ta tuna mijinta maharbi. Ƙota kuma ni na ƙona."

"A gabana? Ina zaune, ka mayar da ni gunki, ka yi ƙarya a kaina? Wa ya koya maka? Ba ubanka ba, ba kuma baffanka ba. Juya motar nan."

"Inna, ya riga ya wuce. Ya ce khalas, wato shi ke nan."

"Ni ban ce ba. Juya."

Ya juya.

Wannan juyawar ita ce abin da ban sani ba har yau ko daidai na yi. Ni dai a lokacin gani nake ina wanke ɗana. Ban tsaya na yi tunanin cewa in muka koma, abin da zan nuna wa mutumin ba shi ne ɗana gwani ne ba, a'a, ɗana ya dube shi ido da ido ɗazu ya gaya masa abin da ba haka ba.

Mun tarar baƙi biyu sun iso. Babanku ya roƙi Abu Nasir su koma gefe, ni ina biye. Ya tsaya kamar yaron da aka kama, mutum mai furfura a gemu, ya yi magana mai tsawo. Na ji bakhur. Na ji ummi ya fi a ƙirga. Abu Nasir ya ɗauko ƙotar ya kai hancinsa ya shinshina. Ya dube ni, ya sake dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai. Sannan ya juya ga babanku, ba dariya, ba buga kafaɗa, ya faɗi magana a hankali. Na ga wuyan babanku ya sunkuya. Na ce a gaya mini abin da ya ce, kuma wannan karon duka. Ya faɗa:

"Ya ce ƙota ana sayen wata. Ya ce uwarsa ma takan yi wa kayan ubansa hayaƙi in zai shiga teku. Ya ce, wane irin mutum ka ɗauke ni, da za ka ɓoye mini uwarka?"

Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba. Abu Nasir ya raka mu har mota, ya rufe mini ƙofa da hannunsa. Ya tafi farautarsa da tsohuwar bindiga. Da sabuwar ƙota ta iso wani ya kai wa ya sa mata ƙusoshin. Har yau duk azumi kwalin dabino yana zuwa gidan nan, direbansa yakan ce na Hajja ne. In sun haɗu da babanku a masallaci ko wurin jana'iza suna gaisawa da mutunci. Amma kiran zaman Juma'a ya yi ta raguwa har ya tsaya, babanku kuma ba mai zuwa inda ba a kira shi ba ne. Ya rasa wurin zaman nan, kuma a ƙasar da ba taka ba irin wannan wurin ba a samunsa sau biyu. Na ƙona masa ƙota da hannuna, na koma na ƙona masa majalisa da bakina. Da na bar shi da ƙaryarsa, da an yi masa tsiya na wata guda an manta. Da na danna hotonsa ran Laraba na ce masa yarinya ta tsallake, da ya yi dariya ya ce Inna bar shi, ko ya ce in ya dawo ma yi hayaƙin daga nesa. Magana guda ce. Na kasa, don kunya. Ga inda kunyar ta kai mu. Ku da kuke dariyar ihun ƙararrawa, wannan ne ba ku sani ba, domin shi ba zai faɗa ba, Rabi ma ba za ta faɗa ba.

Saura abu ɗaya, Zainab, rubuta shi ki rufe na'urar, na gaji.

A hanyarmu ta komawa karo na biyu rana ta yi sanyi. Ina ta kuka a baya, a hankali, na toshe bakina da hijabi. Na yi zaton ba zai sake duban inda nake ba. Da muka kusa shiga gari ya ratse gefen titi ya kashe motar. Ya daɗe riƙe da sitiyari. Na ce a raina yanzu zai ce a shirya mini kayana in koma Ningi, kuma da ya faɗa da ban ce ya zalunce ni ba. Sai ya juyo gaba ɗaya, ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Inna, ashe haka muryarki take in kina faɗa."

Na sauke hijabin daga bakina, shi kuwa ya ci gaba.

"Ina jin ƙannena suna cewa Inna ta yi musu faɗa, Inna ta ja musu kunne. Ni ban taɓa samu ba sai yau."

Ya goge fuskarsa da hannun riga, ya tayar da mota. Da muka iso gida Rabi ta taro mu a ƙofa tana duban fuskokinmu, ta ce, "Inna, in tambaye shi ko zai ci abinci yanzu?" Na ce mata ta bari. Na juya na tambaye shi da kaina.